Tsakanin Baƙi da Ma'ana: Sharhi kan Amanar Fassara

Duk wanda ya taɓa zama wurin tafsirin watan azumi ya san yadda abin ke gudana. Mutum biyu ne a gaba. Alaramma mai jan baƙi zai ja aya da murya mai ratsa jiki, ya dakata. Malam ya gyara zama, ya ɗauki ayar gaɓa-gaɓa yana mayar da ita Hausa, ya faɗi dalilin saukarta, ya kawo hadisi, ya jawo misali daga kasuwa ko gona, har tsohuwar da ke can bayan labule ta gyaɗa kai. Ayar da aka ja cikin numfashi biyu sai ta ci rabin awa ana warware ta. Gobe in ka leƙa wani masallacin, baƙin nan dai za a ja, ko wasali ɗaya bai canza ba, amma abin da za ka koma gida da shi yana iya bambanta da na jiya.

A tazarar nan da ke tsakanin mai jan baƙi da mai fashin baƙi wata tsohuwar tambaya ke zaune: idan an faɗi magana ko an rubuta, a ina ma'anarta take? A bakin mai faɗi, a jikin kalmomin, ko a kunnen mai saurare? Kuma wa ke da hurumin cewa ga abin da ake nufi? Malaman addini sun yi fama da tambayar, masana falsafa sun yi, manazarta adabi da alƙalai ma haka. Abin da na fahimta daga bin sawunsu shi ne, babu mai tsira daga yin fassara, kuma fassara amana ce da ke da sharuɗɗa.

Maganar yau da kullum

Tun kafin a je makaranta Bahaushe ke koyon fashin baƙi. Yaro yana jin an ce wane ya kwanta dama, sai ya gane ba barci ake nufi ba. An ce wance tana da juna biyu, an ce cikin wane ya ɗuri ruwa, an ce wane hannunsa a sake yake. Wanda ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya da ƙamus a hannu zai tashi a tutar babu.

Abdulƙahir Jurjani, malamin balaga da ya rasu wajen shekarar 1078, ya raba abin gida biyu a littafinsa Dala'ilul I'ijaz: akwai ma'ana, akwai kuma ma'anar ma'ana. Misalin da malaman balaga suka fi so shi ne Balarabe ya yabi mutum da cewa murhunsa na da yawan toka. Ma'anar farko toka ce kawai. Amma yawan toka na nuna yawan girki, yawan girki na nuna yawan baƙi, yawan baƙi na nuna karamci. Mai saurare ne ke hawa wannan tsani da kansa, kuma ba zai iya ba sai ya san yadda mutanen ke rayuwa.

Haka abin yake ko da babu kalma. Na tashi na ga kakata ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. In ya shigo gaishe ta, sai ta kawar da kai, ta amsa a taƙaice kamar da baƙo take magana. Wanda bai san alkunya ba zai rantse babu ƙauna a tsakaninsu. Mu kuwa da ke gidan mun san wa ake ɓoye wa tsokar da ta fi kyau a ƙasan tukunya. Kawar da kan nan magana ce cikakkiya, sai dai ɗan gida ne kaɗai ke jin ta. Wannan ne darasi na farko: alama ba ta magana sai a cikin mahallinta.

Nassi ɗaya, fahimta biyu

A fagen addini abin ya fi nauyi, domin a nan kuskuren fahimta na iya taɓa ibada, dukiya, aure, har da rai. Amma tarihin Musulunci ya nuna tun a gaban Manzon Allah (SAW) aka fara fuskantar lamarin. Bayan yaƙin Ahzab, ya umarci sahabbai kada su sallaci la'asar sai a unguwar Bani Ƙuraiza. Lokacin salla ya riske su a hanya. Wasu suka ce umarni a bayyane yake, ba za su yi salla ba sai sun isa. Wasu suka ce abin da ake nufi shi ne a yi sauri, suka tsaya suka yi sallarsu. Da labari ya je gare shi, bai tsawata wa ko ɗaya daga cikin ɓangarorin ba. Malamai da yawa na ganin a wannan rana aka ga tushen hanyoyi biyu da suka ratsa fiƙihu har yau, masu riƙo da lafazi da masu duban manufa.

Sai dai akwai wani labarin da ke tsaya wa wannan a matsayin linzami. Da aka saukar da ayar da ta iyakance lokacin sahur da bambance farin zare daga baƙi, Adiyyu ɗan Hatim ya nemi zare biyu na gaske ya sa a ƙarƙashin matashinsa, yana dubawa cikin dare. Da ya ba da labari, sai aka nuna masa cewa hasken alfijir da duhun dare ake nufi. A nan ba a ce kowa da fahimtarsa ba. An gyara masa. Labaran biyu tare suke karantarwa: nassi na iya ɗaukar fuska fiye da ɗaya, amma ba kowace fuska yake ɗauka ba.

Alƙur'ani da kansa, a aya ta 7 cikin Suratu Ali Imrana, ya raba ayoyinsa zuwa bayyanannu da masu kama da juna. Abin lura shi ne, a kan wannan ayar ma malamai sun saɓa wajen da za a tsaya. Mafi yawa suna yin waƙafi a inda ma'ana za ta zama Allah kaɗai ya san tawilin irin waɗannan ayoyi. Wasu kuma suna zarcewa, ta yadda masu zurfin ilimi za su samu rabo a cikin sanin. Wurin da alaramma ya ja numfashi kawai ya raba makarantu biyu na tunani.

Saboda haka ne magabata suka kewaye tafsiri da shinge mai kauri. Kafin mutum ya buɗe baki sai ya san lugga, nahawu, sarfu da balaga, ya san dalilan saukar ayoyi, ya san wadda ta shafe hukuncin wata. Ibn Taimiyya, a ɗan littafinsa na ƙa'idojin tafsiri, ya jera matakai: a fassara Alƙur'ani da Alƙur'ani, sannan da sunna, sannan da maganganun sahabbai, sannan tabi'ai. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi doguwar magana a kan yaushe ya halatta a bar zahirin lafazi a koma ga tawili, kuma ya ja kunne sosai a kan saurin kafirta wanda ya yi tawili. Sufaye sun ƙara da nasu, tafsirin ishara, suna cewa bayan zahiri akwai hasken da zuciya ke tsinkaya. Manyansu kuwa sun shardanta kada isharar ta rushe zahirin.

Yadda abin ya iso ƙasar Hausa

Ƙasarmu ba 'yar kallo ba ce a wannan fage. Littafin da ya fi shahara a zaurukanmu shi ne Jalalaini, wanda Jalaluddin Mahalli ya fara, almajirinsa Jalaluddin Suyuɗi ya kammala. Gajeren tafsiri ne, kalma kusa da kalma, shi ya sa ya dace da malamin da zai mayar da shi Hausa da baki. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, lokacin da ya yada zango a Kano a tsakiyar jihadi da niyyar wucewa gabas, ya karantar da tafsiri a birnin. Daga baya ya rubuta Liya'ut Tawili, babban tafsiri da ke tattaro ƙira'o'i da ra'ayoyin mazhabobi. Da ya ga ya yi wa ɗalibai nauyi, sai ya rubuta Kifayatu Lu'afa'is Sudan, ya taƙaita a kan ruwayar Warshu da mazhabar Malikiyya, waɗanda mutanen ƙasar suka sani. Malami ɗaya, littafi ɗaya da ake fassarawa, amma tafsiri biyu, domin masu sauraro iri biyu ne. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta bi wannan hanya ta wata fuskar: ta zuba ilimi cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, jagororin mata da ake kira jaji suka ɗauka suka kai wa matan karkara ta tsarin 'Yan Taru.

A ƙarni na ashirin rediyo ya fitar da tafsiri daga zaure ya kai shi kowane gida. Tafsirin Shaikh Abubakar Gumi a Masallacin Sultan Bello na Kaduna ya shiga kunnen miliyoyi ta gidan rediyon Kaduna, daga baya na Shaikh Ɗahiru Bauchi ma ya bi ta kafar. Gumi ya fitar da tarjamar Alƙur'ani zuwa Hausa a 1979, Shaikh Nasiru Kabara kuma ya fitar da tasa, Ihsanul Mannan, a cikin shekarun 1980. Wanda ya ajiye biyun gefe da gefe zai ga makarantar kowanne tana leƙowa ta zaɓin kalma. Wannan bai rage wa ko ɗayansu daraja ba. Abin da yake nunawa shi ne mai tarjama dole ya zaɓa, kuma duk zaɓi fassara ce. Shi ya sa malamai suka fi son a ce tarjamar ma'anonin Alƙur'ani, domin a san cewa abin da ke hannu fahimtar bawa ce, asalin yana nan a Larabcinsa.

Abin da masana falsafa suka ƙara

Arisɗo, masanin falsafar Girka, yana da ɗan littafi a kan yadda kalma ke wakiltar abin da ke zuciya. Is'haƙ ɗan Hunain ya mayar da shi Larabci da sunan Kitabul Ibara, Farabi ya yi masa sharhi. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, alƙali ɗan gidan alƙalai wanda ya rasu a 1198, ya ɗauki tambayar da ta fi zafi a Faslul Maƙal: me za a yi idan tabbataccen dalilin hankali ya ci karo da zahirin nassi? Amsarsa ita ce gaskiya ba ta karo da gaskiya, don haka sai a yi tawili, amma bisa yadda Larabawa ke amfani da harshensu, kuma aikin masana ne, kada a watsa shi ga wanda ba zai iya ɗauka ba.

A Turai ma daga littafin addini ilimin fassara ya tsiro, wato daga ƙoƙarin fahimtar Baibul. Schleiermacher, malamin tauhidin Kirista a Jamus wanda ya mutu a 1834, ya bayyana wani abu da kowane ɗalibin zaure ya sani a aikace: ba ka gane jimla sai ka san littafin, ba ka kuma sanin littafin sai ta jimlolinsa, don haka mai karatu kai da kawowa yake tsakanin gaɓa da gangar jiki har haske ya bayyana. Gadamer, a littafin da ya fitar a 1960, ya ƙara cewa babu mai zuwa wurin rubutu da hannu wofi. Kowa na zuwa da tarbiyyarsa, harshensa da zamaninsa, kuma da su yake gani. Abin da ake so shi ne ya san yana ɗauke da su, ya kuma bar rubutun ya yi masa gardama.

A ƙarshen shekarun 1960 Roland Barthes na Faransa ya kai maganar ƙarshen tiƙe, ya ce a daina neman niyyar marubuci, a wurin mai karatu ma'ana ke haɗuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin rubutu kan faɗi abin da mai shi bai hango ba. Amma in aka sake wa ra'ayin linzami gaba ɗaya, sai ya zama babu fassarar da za a ce kuskure ce. Umberto Eco na Italiya, wanda shi kansa ya yi suna da kare 'yancin mai karatu, ya dawo a 1990 da littafi a kan iyakokin fassara. Matsayarsa ita ce ko da ba za a iya nuna fassara ɗaya tilo da ta fi kowace ba, ana iya nuna wadda rubutun ya ƙi. Zaren Adiyyu ke nan ya sake bayyana bayan kusan ƙarni goma sha huɗu.

Feɗe waƙa

Manazarta adabin Hausa sun samo wa aikin suna mai kyau. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya kira tsarinsa na nazari gadon feɗe waƙa, kamar yadda mahauci ke kwantar da dabba ya bi gaɓoɓinta. Mahaucin kirki ya san inda wuƙa ke shiga. Wanda bai iya ba sai ya fasa matsarmama ya ɓata naman.

Adabinmu kuwa cike yake da wuraren da aka bar wa mai saurare ya ƙarasa. Mawaƙin fada irin Narambaɗa, in yana yabon Sarkin Gobir na Isa, yakan saka habaici ga 'yan sarkin da ke hararar gadon, ba tare da kama suna ba. Fadawan da ke wurin sun san inda kibiyar ta dosa. Mu da ke saurare a yau muna jin daɗin salon, amma wani ɓangare na ma'anar ya tafi tare da mutanen fadar. Marubuta waƙa na da kan rufe da ramzi, su dunƙule shekarar da suka yi waƙar cikin haruffa, wanda ya san lissafin haruffan ne kaɗai zai warware. Tatsuniyar Gizo kuwa yaro dariya yake ji, babba ya ga yadda mara ƙarfi ke rayuwa a tsakanin zaki da kura.

Abubakar Imam ya nuna wata fuskar a Magana Jari Ce, cikin shekarun 1930. Ya ɗebo labarai daga Alfu Laila, daga Indiya, daga Turai, ya sa musu riga da hula, ya zaunar da su a fadar Hausa a bakin aku. Labarin da ya yi wata ma'ana a Bagadaza sai ya yi sabuwa a Zariya. Wannan ma fassara ce, kuma ta gwani, domin ya san duka gidajen biyu, wanda ya ɗauko daga ciki da wanda ya kai wa.

Ranar da fassara ta naɗa shugaban ƙasa

Mai ganin duk wannan zancen malamai ne kawai ya tuna shekarar 1979. Doka ta ce wanda zai zama shugaban Najeriya sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin, kuma 19 ba ta rabuwa uku daidai. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuwa ya samu ɗan ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Abokin takararsa Cif Obafemi Awolowo ya ce ba a gutsura jiha, sai an cika 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce lissafi ya ba da 12 da biyu bisa uku, don haka kashi biyu cikin uku na ƙuri'un Kano za a duba. Ranar 26 ga Satumba Kotun Ƙoli ta ba Shagari gaskiya da rinjaye, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa. Kwana biyar bayan nan aka rantsar da shugaba. A 2023 kuma an sake yin irin wannan a kan ƙaramar kalmar da ta haɗa jihohi da Abuja a sashe na 134 na tsarin mulki: shin sai an ci kashi ɗaya cikin huɗu a Abuja daban, ko ita ma lissafin jiha za a yi mata? Kotu ta zaɓi na biyun. Mutum na iya gamsuwa da hukuncin ko ya ƙi, amma ya ga yadda makomar ƙasa ke rataya a wuyan masu fashin baƙi.

Sharuɗɗan amana

Abin da ke damuna a yau shi ne kowa ya zama mai tafsiri, shingen kuwa ya faɗi. A yanko daƙiƙa talatin daga karatun awa biyu, a cire abin da ya gabata da abin da ya biyo baya, a liƙa masa take mai zafi, a sake shi a WhatsApp da Facebook. Kafin la'asar an raba gari biyu, wani an kafirta shi, wani an zagi iyayensa. Magana zarar bunu ce, kuma wadda aka yanke wa kai da ƙafa ta fi saurin cinna wuta.

Idan aka tattara abin da malamin zaure, masanin falsafa, manazarcin waƙa da alƙali suka yi tarayya a kai, za a ga sharuɗɗan ba su da yawa. Ka san harshen da aka yi maganar da shi, har da karin maganarsa da habaicinsa. Ka san wa ya faɗa, ga wa, yaushe, a kan me. Ka ji maganar duka kafin ka yanke, ka auna gaɓa da sauran jiki. Ka binciki zuciyarka, domin wanda ya riga ya ƙi mutum zai tsinci laifi ko a sallamarsa. In magana na ɗaukar fuska mai kyau da mummuna, ka fara ba ta mai kyau har sai hujja ta hana. Kuma ka rarrabe tsakanin abin da aka faɗa da abin da kai ka fahimta, kada ka sa wa fahimtarka rigar nassi.

Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya, kuma shi malamanmu na zaure suka fi kiyayewa. Malam zai kwashe awa yana warware aya, ya kawo maganar wane da ta wane, ya rinjayar da ɗaya da hujja, ba tare da inda-inda ba. Amma kafin ya yi wa alaramma alama ya ja ta gaba, sai ka ji ya sassauta murya ya ce Allah ne mafi sani. Da ina yaro na ɗauka al'adar baki ce kawai. Yanzu na gane a nan yake sauke amanar: ya ba da iyakar abin da ya gano, ya kuma shaida wa masu saurare cewa baƙin da aka ja ya fi fashin da ya yi masa faɗi.